Jarkar da na Gani Cikin Kayanka

Ƙofar Wambai, Birnin Kano,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ka Fatakwal lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa wannan aiki da ka samu ya zama sanadin rufin asirinka.

Za ka yi mamakin karɓar wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinka da nasa. Tun ranar Litinin sau uku ina sa a kira mini kai zaure. Kowane karo idan ka zo ka durƙusa, sai in tambaye ka ko ka sayi tikitin mota, ka ce ka saya, in sallame ka. Ba tikiti nake nufin tambaya ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina tsayuwa gaban aji, magana ba ta taɓa gagara ta ba, amma wannan bakina ya ƙi ɗaukar ta. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Ran Litinin ɗin yayarka Bilki ta kawo mini takardar asibiti, wadda aka ba ka bayan gwajin da masu aikin suka sa a yi maka kafin ka kama aiki. Ta ce an ɗauki hoton cikinka an ga 'yan jakunkunan ruwa guda biyu a hantarka, likita ya sa hannu ya ce lafiyarka ƙalau, kai kuma ka fito ba ka tambaye shi komai ba. Ta ce ka daina cin abinci, kuma ka ce da ita, "Ciwon Umma ne ya biyo ni."

Jiya da hantsi, da ka tafi Kabuga sallama da kawunnanka, na bi ta soro na ga kayanka a jere. Akwati, jaka, tabarmar salla a naɗe. A gefe kuma ga jarka ruwan ɗorawa, an toshe bakinta da leda an ɗaure da tsumma. Ban buɗe ba, warin ya ishe ni: ɗacin sassaƙe da jar kanwa da wani abu mai kama da tsatsa. Na san Gwaggonka Asabe ce ta kawo maka. Wata bakwai wannan wari ya yi a gidan nan kana makarantar kwana. Na fita na zauna a dakali.

Abba, abin da aka gani a hantar mahaifiyarka ba shi ya kashe ta ba. Zan gaya maka yadda aka yi, daki-daki, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Shekara shida da suka wuce muna shirin aikin Hajji ni da ita. Akwai Dakta Kabiru, wanda ka sani, yakan zo gaishe ni da Salla. Ni na koyar da shi daga aji huɗu zuwa na bakwai, na sha zane shi a kan munin rubutu. Da ya ji labarin tafiyarmu sai ya aiko ya ce mu zo ya duba mu, asibitinsu sun sami sabon injin ɗaukar hoton ciki. Mahaifiyarka lafiyarta lau. Da safen ranar ita ta yi dakan fura da hannunta, don ta ce na inji ba ya ƙamshi.

Da aka gama, Kabiru ya bar ta a benci ya kira ni ofis ni kaɗai, kamar yadda aka saba: ba a gaya wa mace abin da ke jikinta, mijinta ake gaya wa. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tsaya a gefe hannu a baya kamar mai kawo hadda. Sannan ya fara bayani da Turanci. Girmama ni yake yi, domin ni ne hedimastan da ya hana su Hausa a harabar makaranta. Amma Turancin likitoci ba shi ne wanda na koyar ba. Abin da na tsinta shi ne hanta, da guda uku, da cewa kada in damu, da cewa mu dawo bayan wata shida. Da ya gama ya ce, "Malam, an gane?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

Ban gane ba. Na kasa buɗe baki in ce da yaron da na koya wa riƙon alƙalami ya maimaita mini. Na naɗe takardar na sa a aljihun gaba, na yi masa addu'a, na fito. Tun kafin mu kai bakin titi na riga na yanke hukunci a raina. Kakanka, wanda kake ɗauke da sunansa, da kumburin ciki ya rasu, aka ce hanta ce. Na ce a zuciyata, ai kowane likita haka yake cewa kada a damu, kuma in da babu komai, me za a dawo yi?

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ka maimaita a makon jiya. Idan ka shiga wurin likita, kada ka fito sai ka iya maimaita masa abin da ya faɗa da bakinka, shi kuma ya ce haka ne. Ka tambayi sunan abin, ka tambayi abin da yake yi wa jiki, ka tambayi abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Idan ya yi sauri ka ce ya dakata. Digirinka ba zai ragu ba don ka ce ba ka gane ba.

A cikin tasi mahaifiyarka ta ce, "Malam, me yaron nan ya gani a cikin nawa? Na ga ya daɗe yana murza abin nan."

Na ce, "Babu komai."

Ta ce, "To in babu komai, gyara hularka, tun daga asibiti take a karkace."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar har ta koma ga Allah ban gaya mata ba. Na ɗauka tausayi ne. Haka muka taso: ana ɓoye wa mara lafiya ciwonsa don kada zuciyarsa ta karye. Bayan mako biyu na ce da ita kujerarmu ta Hajji ba ta fito ba, sai baɗi. Ƙarya ce, ni na je na janye sunayenmu, domin ina ganin ba za ta iya wahalar tafiya ba. Ta riga ta ɗinka fararen kayanta. Ta ninke su ta sa a adaka, ta ce, "Allah Ya kai mu baɗin." Suna nan a cikin adakar har yau, Bilki ta san wurin.

Wata rana za ka yi iyali. Idan likita ya kira ka gefe a kan jikin matarka, ka ce a shigo da ita. Jikinta ne, ita za ta kwana da shi ta tashi da shi. Mahaifiyarka ba ta yi boko ba, amma ta fi ni kaifin tambaya. Da tana cikin ofishin nan da ta ce, "Kabiru, yi mini da Hausa," kuma da duk abin da ya biyo baya bai faru ba.

Abin da na ɓoye wa matata, sai ga shi na kai majalisa. Bayan la'asar, a dakalin ƙofar masallaci, na ce wai wani ɗan'uwa ne aka ga masa abu a hanta. Ba wanda bai ba da labari ba. Wannan ya ce maƙwabcinsa wata uku ya yi. Wancan ya ce asibiti ba su da maganin hanta, sai dai su jira ka. Babu likita ko ɗaya a cikinsu, 'yan kasuwa ne da tsofaffin ma'aikata irina, amma na tashi da maganarsu a kaina kamar an karanta mini hukunci. Daga nan na gaya wa ƙanwata, Gwaggonka. Ta yi kuka, washegari ta zo da jarka daga wurin wani mai magani a bayan kasuwa. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ni nake zuba mata da hannuna, in tsaya a kanta sai ta shanye. Kwana uku da farawa ta ce, "Malam, ni da ba na ciwo, maganin me nake sha?"

Na ce, "Na ƙarin ƙarfi ne, saboda tafiyar baɗi."

Ta ce, "Ɗan ƙarfin da nake da shi ma yana neman tafiya da shi."

Amma ta sha, domin ni na ce. A wata na biyu ta fara amai. Gwaggonka ta koma wurin mutumin, ya ce albishir ne, ciwon ne yake fita, a ƙara ya zama kofi uku. Aka ƙara. A wata na huɗu ta daina daka, ta daina zuwa unguwa. A na biyar farin idonta ya koma rawaya, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ni kuwa duk abin da na gani sai in ce, ga shi nan, abin da Kabiru ya gani ne yake bayyana. Ko sau ɗaya ban kawo kofin da ke hannuna a raina ba. Wa'adin wata shida ya zo ya wuce ban mayar da ita ba. Har sahu na sauya a masallacin Juma'a don kada mu haɗa ido da Kabiru ya tambaye ni.

Ba ina ce maka duk itacen da kakanninmu suka sha guba ba ne. Na sha sabara, na sha tazargade, ina nan. Amma abin da ba ka san me aka zuba a ciki ba, ba ka san adadinsa ba, kuma aka ce ka yi watanni kana sha, to ka sani hanta da ƙoda ne za su tace shi. Maganin da in ya sa ka amai aka ce aiki yake yi, in ya kwantar da kai aka ce a ƙara, babu ranar da mai shi zai ce ya yi kuskure. Kuma kada ka kai ciwonka majalisa. Mutanen kirki ne, amma kowa labarin wanda ya mutu yake riƙewa. Wanda aka ga abu a jikinsa ya ci gaba da zuwa kasuwa shekara talatin, ba mai ba da labarinsa.

A wata na bakwai ta faɗi a tsakar gida da rana tsaka, muka kai ta asibiti. Kabiru ya duba idonta, ya danna ƙafarta, ya dubi takardun jini. Sannan ya juyo, ga ma'aikatan jinya biyu a tsaye, ya ce, "Malam, akwai wani abu da take sha a gida?"

Na ce, "Babu, sai zuma."

Mahaifiyarka tana kwance tana ji. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana duba na, sannan ta mayar da fuskarta bango. Rufa mini asiri ta yi, kamar yadda ta saba tun ranar da aka kawo ta gidan nan. Ni kuma abin da ya hana ni faɗin gaskiya bai wuce kada a ce tsohon hedimasta yana ɗura wa iyalinsa jiƙo ba. Kwana tara ta yi. Da aka zo zaman makoki ana tambaya, na ce ciwon hanta ne, an gani tun watannin baya. Haka na gaya wa Bilki, haka na gaya maka da aka ɗauko ka daga makaranta. Gwaggonka kuwa har yau tana ganin jiƙonta ne ya ƙara wa marigayiya 'yan watanni. Da zuciya ɗaya ta kawo maka jarkar nan, kada ka riƙe ta da komai. Laifin na wanda ya bar ta cikin duhu ne.

Duk abin da ka sha, ko ka shafa, ko ka yi hayaƙi da shi, ka gaya wa likita tun kafin ya tambaya. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata, ga shi shekara shida ina ɗauke da abin da ya fi ta nauyi.

Tun da sojoji suka koma bariki, kullum in na kunna rediyo sai in ji mutane suna faɗin abubuwan da suka yi shekaru suna haɗiyewa. Nakan ce a raina, su tsoron bindiga ya hana su. Ni ba wanda ya tsare ni da komai.

Jiya, da na tashi daga dakalin nan, ban yi wata-wata ba. Na ɗauko tsohuwar takardar mahaifiyarka daga cikin littafin da na ɓoye ta, na haɗa da taka, na tafi wurin Kabiru. Yanzu ya yi furfura a gemu. Ya tashi zai ba ni kujera, na ce ya zauna. Na ce, "Kabiru, yau ni ne ɗalibi. Ka yi mini da Hausa, ka yi a hankali. Wancan karon ban gane ko ɗaya ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, da ka faɗa."

Na ce, "Da na faɗa ɗin. Karanta."

Ga abin da ya ce, na rubuta a gabansa, na maimaita masa ya ce haka ne. Abin da aka gani a hantarka 'yar jaka ce mai siririyar fata, cike da ruwa garau, kamar bororon da fartanya take yi wa tafin hannu, sai dai wannan ba ya ciwo. Naka biyu ne, babban bai kai goro ba. Ya ce mutane da yawa da shi aka haife su, suna rayuwa har su tsufa ba su sani ba, kuma yawanci ba a gano shi sai an zo neman wani abu daban, kamar yadda aka yi maka. Ba ciwon daji ba ne. Ba kuma ciwon hantar nan da ake ɗauka ta jini ba ne, ba ka ɗauka wurin kowa ba, ba za ka sa wa kowa ba. Hanta babba ce, tana aikinta a kewaye da shi ba tare da ta kula ba, kuma gwajin jininka ya nuna haka. Babu maganin sha da yake narkar da shi, kuma ba a bukatar a narkar da shi.

Na ce, "To me kuke dubawa, har kuke cewa a dawo?"

Ya ce suna duba fatar jakar ko siririya ce, da ruwan ko garau yake, da ko akwai shamaki ko tsoka a ciki. Idan akwai waɗannan, to magana ta sauya, sai an ƙara bincike. Akwai kuma wani iri da tsutsa ke kawowa daga karnuka da tumaki, shi ma kamanninsa daban ne a hoto. Takardarka ta ce naka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dawowar da ake cewa a yi, don a sake aunawa ne a tabbatar yana nan yadda yake. Abu ɗaya ya ƙara: tun da an gani a jikin mahaifiyarka an kuma gani a naka, akwai wani iri da yake bin dangi, mai fitowa da yawa har ya taɓa ƙoda. Ya ce a hoton nan ƙodarka fes take, amma ka gaya wa likitan da za ka samu a can, ya riƙa duba ta yana auna hawan jininka. Idan kuma ka ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, ko kana ƙoshi da ɗan abinci kaɗan, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon wurin, ko idonka ya sauya launi, ka tafi asibiti a ranar. Ya ce da wuya hakan ta faru, amma gara ka sani.

Sannan na gaya masa maganar jarka, tun daga kofin farko har zumar da na ce masa. Sai ya ce, "Malam, na yi zargi a lokacin. Na ji nauyin in sake tambayar ka a gaban mutane."

Na ce, "Da na faɗi gaskiya, da ta tashi?"

Ya ce, "Rai na Allah ne, Malam, ba zan rantse maka a kan wannan ba. Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Da aka kwantar da ita na sake ɗaukar hoton. Jakunkunan nan uku suna nan yadda na bar su, ko ɗigo ba su ƙaru ba."

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yi imani da haka. Amma na san kuma za a tambayi kowa abin da hannunsa ya miƙa. Ban rubuta maka wannan don ka sauke mini nauyi ba. Na rubuta ne don ka san ba ka gaji mutuwa daga mahaifiyarka ba. Abin da ka gada daga gare ta, ta zauna da shi wataƙila tun haihuwarta, ta haife ku da shi, ta yi daka da shi har safiyar da na kai ta ɗaukar hoton nan. Abin da nake tsoron ka gada nawa ne: shirun nan da ka yi a gaban likita, da zuwa neman magani ta bayan gida.

Na sa takardun biyu a cikin ambulan ɗin nan, tata da taka, da abin da na rubuta daga bakin Kabiru. Ka kai wa likita a can cikin watanka na farko. Gobe bayan Juma'a zan je gidan Gwaggonka in gaya mata da bakina, daga nan in wuce wurin Bilki. Ban san yadda za su dube ni ba. Kai ma ban san yadda za ka dube ni ba. Ina neman gafararka a kan mahaifiyar da ka rasa kana shekara goma sha takwas, da kuma ƙaryar da na bar ka da ita har ta hana ka cin abinci. Idan ba za ka iya yafewa yanzu ba, ba zan ga laifinka ba. Ka dai ci abinci.

Jarkar tana nan a soro inda ka ajiye ta, ban taɓa ta ba. Na taɓa tsayawa a kan mutum na ce sha, ta sha don ni na ce. Ba na so in sake tsayawa a kan kowa da umarni a kan abin da zai shiga cikinsa, ko da umarnin daidai ne. Yanzu ka san abin da ita ba ta sani ba. Roƙo kawai nake yi.

Jibi da safe zan zauna a dakali lokacin da za a fitar da kayanka. Idan ka zo sallama ba sai ka ce mini komai a kan wannan wasiƙa ba. Zan dubi abin da aka ɗora a mota.

Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya haskaka kabarinta, Ya rubuta mata ladan Hajjin da na hana ta. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya dawo mana da kai ƙofar gidan nan da ƙafafunka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Isyaku.